Yaƙin Sudan: Me ya kai Masar, Saudiyya da Daular Larabawa cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Khartum a 2023, har yau bai koma karatunsa ba. Kullum sai mu ji ana cewa ƙasashen Larabawa ne ke rura wutar yaƙin Sudan, wasu su ce Dubai, wasu su ce Masar. Gaskiya ne? Kuma tun da dukkansu Larabawa ne Musulmi, me ya hana su zauna su sasanta mutanen nan? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa ƙanenka ya samu damar ƙarasa karatunsa. Akwai gaskiya a abin da kake ji, amma sai an ɗan gyara shi. Ba ƙasashen waje ne suka kunna wutar ba, janar-janar biyu na Sudan ne suka kunna ta da hannunsu. Abin da na waje suka yi shi ne hana ta mutuwa. Yaƙin da ya kamata kuɗi da harsashi su ƙare wa masu yin sa cikin 'yan watanni ya ɗauki shekaru, domin kowane ɓangare yana da mai cika masa aljihu.

Sai mun koma kan Umar al-Bashir kafin a fahimci lamarin. Ya hau mulki da juyin mulki a 1989, don haka ya san illar soja. Da tawaye ya ɓarke a Darfur a 2003, maimakon ya dogara da rundunar ƙasa kaɗai, sai ya raba wa mayaƙan ƙabilun Larabawa makiyaya makamai, waɗanda duniya ta sani da Janjawid. A 2013 ya tattara wani ɓangarensu ya mai da su runduna mai suna RSF, ya ɗora Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hemeti, a kanta. Hemeti bai taɓa shiga makarantar horar da hafsoshi ba, tsohon falke ne mai fataucin raƙuma. Dabarar Bashir ita ce kada wata bindiga ɗaya ta fi ƙarfinsa: idan soja suka yi motsi, RSF ta tare su.

Abu biyu ne suka mai da Hemeti wanda ya fi ƙarfin ubangidansa. Na farko zinare. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, sai zinare ya zama babbar hanyar samun kuɗin waje. A 2017 Hemeti ya kama abokin hamayyarsa Musa Hilal, ya ƙwace ramukan zinaren Jabal Amir a Darfur ta Arewa, kamfanin danginsa ya ci gaba da haƙa. Mafi yawan zinaren Sudan kuwa a kasuwar Dubai yake sauka. Na biyu yaƙin Yemen. Da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa (ƙasar da Dubai take ciki, babban birninta Abu Dhabi) suka shiga yaƙi da 'yan Houthi a 2015, suna da jirage da kuɗi amma ba su da isassun sojojin ƙasa. Bashir ya ba su dubbai, daga rundunar soja da kuma RSF. Janar Abdul Fattah al-Burhan yana cikin masu kula da wannan aiki. Ka ga ke nan mutum biyun da ke yaƙar juna yau, dukkansu a Yemen suka ƙulla sanayya da sarakunan Gulf, kuma a can Hemeti ya gane cewa zai iya karɓar kuɗi kai tsaye ba sai ta baitulmalin Khartum ba.

Bashir kansa gwani ne wajen cin tudu biyu. A 2016 ya yanke hulɗa da Iran don ya faranta wa Saudiyya. Amma da Saudiyya, Daular Larabawa, Bahrain da Masar suka ƙaurace wa Qatar a watan Yunin 2017, ya ƙi bin su, har ma a ƙarshen shekarar ya karɓi shugaban Turkiyya Erdogan ya ba ƙasarsa damar gyara tsohuwar tashar Suwakin da ke gaɓar Bahar Maliya. Wannan ya ɓata wa Abu Dhabi rai ƙwarai. Da zanga-zangar tsadar burodi ta taso a Disambar 2018, ba wanda ya kawo masa ɗauki. Sojoji suka tuɓe shi ranar 11 ga Afrilun 2019, kuma kafin watan ya ƙare Saudiyya da Daular Larabawa suka yi alkawarin tallafin dala biliyan 3 ga majalisar sojan da ta gaje shi. Burhan shugaba, Hemeti mataimaki. Tare suka kifar da gwamnatin farar hula ta Abdalla Hamdok ranar 25 ga Oktoban 2021. Abin da ya raba su shi ne batun shigar da RSF cikin rundunar soja: soja suka ce shekara biyu, Hemeti ya ce goma. Ranar 15 ga Afrilun 2023 bindiga ta fara magana a Khartum.

Yanzu ga inda kowa ya tsaya.

Masar tana bayan soja, kuma ba ta wani ɓoye wa. A kwanakin farko na yaƙin RSF ta kama sojojin Masar a sansanin jiragen sama na Marawi, ta yaɗa bidiyonsu suna zaune a ƙasa. Alƙahira ta ce atisaye suka je. Damuwar Masar ruwan Nilu ce. Yarjejeniyar 1959 ta ba ta kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan 18.5, ba a kuma sa Habasha a ciki ba, alhali daga tsaunukanta mafi yawan ruwan yake gangarowa. Da Habasha ta gina babban dam a kan Shuɗin Nilu dab da iyakar Sudan, Masar ta ƙara buƙatar gwamnati a Khartum da za ta tsaya tare da ita. Sannan shugaban Masar Sisi soja ne, ya fi sakin jiki da rundunar da ya sani fiye da mayaƙan sa-kai da suka fito daga hamada.

Daular Larabawa ita ake zargi da ɗaure wa RSF gindi. A Janairun 2024 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce zargin da ake yi na kai makamai ta filin jirgin Amdjarass, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin Chadi, abin a yarda da shi ne. Abu Dhabi ta musanta, ta ce asibitin agaji ta kafa a garin, kuma jiragen kayan jinƙai suke kaiwa. Har yau tana musantawa. Sudan ta kai ta Kotun Duniya a Maris ɗin 2025 bisa zargin hannu a kisan ƙare dangin da aka yi wa ƙabilar Masalit, amma a watan Mayu kotun ta ce ba ta da hurumin sauraren ƙarar, wato ba ta wanke kowa ba, ba ta kuma kama kowa ba. Ni dai a nawa nazarin, hujjojin sun yi yawan da musu kaɗai ba zai share su ba. Me take nema? Zinare, filayen noma, da tashoshin jiragen ruwa. A Disambar 2022 an sa hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 6 don gina tasha a Abu Amama, gwamnatin soja ta soke ta a 2024. Sai kuma ƙiyayyar da take yi wa 'Yan'uwa Musulmi da duk mai kama da su. Tsofaffin 'yan Harkar Musulunci na zamanin Bashir, irin su Ali Karti, sun dawo da ƙarfinsu a gefen soja, kuma Abu Dhabi ba ta son ganin sun koma mulki.

Ka lura da wani abin mamaki a nan. Sisi ma ba ya ga maciji da 'Yan'uwa Musulmi, shi ya tuɓe ɗansu Mursi daga shugabancin Masar a 2013, amma a Sudan yana gefe ɗaya da masu irin ra'ayinsu, saboda ruwa ya fi masa aƙida muhimmanci. Kuma Masar ɗin da ke adawa da Daular Larabawa a Sudan, ita ce ta karɓi jarin dala biliyan 35 daga gare ta a 2024 kan filin Ras al-Hikma, lokacin da tattalin arzikinta ya shiga halin ni-'yasu. Haka ita ma gwamnatin Burhan, tana zagin Abu Dhabi a gidan talabijin, amma a shekaru biyun farko na yaƙin mafi yawan zinaren da take fitarwa a hukumance can yake tafiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Saudiyya tana nuna kanta a matsayin mai shiga tsakani. Ita da Amurka suka haɗa ɓangarorin a Jidda a Mayun 2023, aka sa hannu kan kare fararen hula, ba wanda ya cika alkawari. Amma ta fi karkata ga soja. Tsakanin Jidda da Port Sudan kimanin kilomita 300 ne ta ruwa, manyan ayyukan da Yarima Muhammad bin Salman yake ginawa suna kan wannan gaɓar, kuma da yawa daga ragunan da Saudiyya ke shigowa da su, har da na hadayar alhazai, daga Sudan suke zuwa. Ba ta son rikici a tsallaken ruwa, ba ta kuma son tashoshin can su faɗa hannun Abu Dhabi. Mutane da yawa suna ɗaukar ƙasashen biyu a matsayin Hassan da Hussaini, alhali gasa ce mai zafi tsakaninsu. A Yemen, 'yan awaren kudu da Daular Larabawa ke goya wa baya sun ƙwace Aden a 2019 daga gwamnatin da Saudiyya ke karewa. A 2021 sun yi sa-in-sa a fili a ƙungiyar OPEC kan yawan man da kowa zai haƙo.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Iran ta maido da hulɗa da Sudan a Oktoban 2023, kuma an ba da rahoton jiragenta marasa matuƙa a hannun soja, haka ma na Turkiyya. Khalifa Haftar na gabashin Libiya ana zarginsa da buɗe wa RSF hanyar mai da makamai.

Batun cewa dukkansu Larabawa ne Musulmi, wannan ba ya shiga lissafin fadar kowa. Burhan da Hemeti duka Musulmi ne 'yan Sunna, waɗanda aka kashe a Al-Junaina da ke Darfur ta Yamma ma haka, kuma ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta su tsakanin 10,000 da 15,000 a wannan gari kaɗai a 2023. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ba ta da runduna, ba ta kuma iya tsawata wa mambobinta masu kuɗi. Babbar matsalar sulhun ita ce masu shiga tsakanin su ne masu ruwa da tsaki. Kwamitin ƙasashe huɗu da ya ba da shawarar tsagaita wuta ta wata uku a Satumbar 2025 ya ƙunshi Amurka, Saudiyya, Masar da Daular Larabawa. Burhan ya ce bai yarda da zaman Abu Dhabi a teburin ba, RSF kuma ba ta yarda da Alƙahira ba. Kimanin wata guda da rabi bayan wannan shawara RSF ta kama Al-Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, aka yi wa fararen hula kisan gilla.

Mu kuma abin bai yi mana nisa ba. Hausawa sun daɗe a Sudan ta hanyar aikin hajji a ƙafa, ga kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Tun kafin wannan yaƙin, a 2022, rikicin filaye da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, Hausawa da maƙwabtansu, kuma a 2024 faɗan ya isa jihar Sinnar kanta.

Halin da ake ciki bayan soja sun ƙwato Khartum a Maris ɗin 2025 shi ne ƙasar ta rabu biyu a aikace. Soja na riƙe da gabas, arewa da tsakiya, da Kamil Idris a matsayin firaminista. RSF na riƙe da kusan dukkan Darfur, ta kafa tata gwamnatin a Nyala. Fiye da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu, faɗan kuma ya koma Kordofan, yankin da ke tsakanin ɓangarorin biyu.