Wuri, Anini da Sisin Kwabo: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin da suka taru a wannan karo kusan duk sun karkata ga sunayen kuɗi da maganganun da aka gina a kansu, don haka na ga ya fi dacewa a amsa su a zama ɗaya, tun da tarihinsu ma ɗaya ne.

Wani ɗan kasuwa daga Bukuru ya rubuto yana cewa: "Kullum muna jin ana cewa an biya wane naira dubu ɗari, wuri na gugar wuri. Wane wuri ne ke gugar wani, kuma me ya haɗa shi da biyan kuɗi?"

Alhaji, wurin da ke cikin wannan magana ba wurin zama ba ne, kuma ba shi da alaƙa da zuwa da wuri. Ɗan farin ƙwanson nan ne na teku wanda yau ba a cika ganinsa ba sai a jikin kayan ado ko a faifan masu duba. Jam'insa shi ne kuɗi: wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Wannan ne ya sa har gobe Bahaushe mai kiyaye harshe yake cewa kuɗi sun ƙare, kuɗina ne suka ɓace, yana ba kalmar hukuncin jam'i ko da takarda ɗaya ce tak a aljihunsa. Asalin wurin daga tsibiran Maldibis yake, can cikin Tekun Indiya, kuma tsohon tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, aka fara ganinsa a ƙasar Hausa. Da matafiyin nan Bajamushe mai suna Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal guda na azurfa a kan wuri 2,500.

Sai an san yadda ake ƙirga shi za a ji daɗin maganar. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a wasu garuruwan bakin teku. Zube shi ake yi a kan tabarma ko buzu, mai ƙirga ya durƙusa yana jan biyar-biyar da yatsunsa, in ya ja sau huɗu ya sami hauya, wato ashirin, in hauya ta kai biyar ya tura tulin gefe ya zama zangu, wato ɗari, haka har a kai zambar, wadda ita ce dubu, har a cika keso, jakar tabarma mai cin wuri dubu ashirin, wadda kayan ƙato guda ce. Mai sayen doki yana iya wuni ana ƙirga masa. To, a wannan zube da ja, kowane wuri yana gugar ɗan'uwansa yana ƙara, kuma mai karɓa yana ji da kunnensa yana gani da idonsa. Saboda haka wuri na gugar wuri yana nufin kuɗi lakadan, cikakku, an ƙirga su a gaban mai su, babu alkawari babu ragowa. Wanda ya ce an tura masa kuɗi ta waya wuri na gugar wuri bai yi kuskure ba, domin cikar adadin ita ce ta rage a ma'anar bayan ƙarar ta tafi.

Wata malamar makarantar firamare daga Unguwar Rogo ta ce ɗalibanta sun tsare ta da tambaya a kan "ba ni da ko sisin kwabo". Sun ce an gaya musu sisi kwabo shida ne, to ta yaya sisi zai zama na kwabo, alhali ya fi shi girma? Ta kuma nemi a bambanta mata anini da ɗari da taro.

Malama, yaran sun yi tambaya mai kyau, kuma amsarta tana bukatar a ɗan koma baya. Lokacin da Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, ya kuma ci Kano da Sakkwato a 1903, ya tarar da ƙasa mai tsarin kuɗinta da harajinta. Wurin kuwa ya riga ya fara lalacewa tun tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani iri mai araha daga gabar Zanzibar har darajarsa ta zube. Gwamnatin mulkin mallaka tana biyan soja da ma'aikata da sulallan Ingila, kuma tana son haraji ya dawo mata cikin abin da za ta iya kashewa, ba tulin keso da sai an nemi jakuna sun ɗauka ba. A 1904 aka hana shigo da wuri, sannan sannu a hankali aka matsa wa sarakuna da hakimai su karɓi haraji da jangali da tsabar ƙarfe. A ganina harajin nan ne ya kashe wuri fiye da kowace doka, domin talaka yana iya ƙin sabon kuɗi a kasuwa, amma ba ya iya ƙin dogari ranar biya. Jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo bayansa suka ƙarasa aikin. A nan Filato kuwa kuza ce ta yi shi: kamfanonin haƙar ma'adinai suna biyan lebura da ƙarfe, har mutane suka riƙa barin garuruwansu su zo su yi 'yan makonni a filin kuza don su haɗa kuɗin haraji su koma, wasunsu kuma suka zauna ɗungurungum, su ne kakannin da yawa daga cikin Hausawan Jos da Bukuru.

Matsalar da Turawa suka fuskanta ita ce sule ya yi wa kasuwar Bahaushe girma. Mai sayen daddawa ko ƙosai na wuri goma ba shi da abin yi da sule, kwabo ma ya yi masa yawa. Don haka a 1907 aka buga wani ɗan ƙaramin kuɗi mai huda a tsakiya, wanda goma daga cikinsa ke yin kwabo guda, shi ne anini. Da sanholo aka fara yin sa, amma bai jure gumi da damina ba, sai aka koma ga haɗin jan ƙarfe da nikel a 1908. Ga yadda lissafin yake: anini goma kwabo, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo tara nai, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Yawancin sunayen nan aro ne daga Ingilishi, wasu kuma sun biyo ta bakin Yarbawa da sauran mutanen kudu da suka zo aikin akawu da na reluwe. Kwabo daga sunan jan ƙarfe ne a Ingilishi, sisi da nai daga shida da tara, taro kuma shi ne abin da Yarbawa ke kira toro, kuma ba a jan wasalinsa na farko kamar yadda ake ja a taron jama'a.

Sunan rabin kwabo ne ya fi ba ni sha'awa, domin shi ba aro ba ne. Hausawa sun kira shi ɗari, saboda abin da ake canjinsa ke nan da wuri a lokacin da sunan ya kama. Farashin canjin ya bambanta daga gari zuwa gari da kuma shekara zuwa shekara, amma sunan ya daskare a kan wannan. Bisa wannan lissafi kwabo wuri ɗari biyu ne, anini kuwa ashirin, wato hauya guda cif. Ke nan mutanen ba su yar da tsohuwar ƙidayarsu ba, sun ɗauki kuɗin Bature ne suka zuba shi a ma'aunin da suka saba da shi.

Haka ma sisin kwabo ya samu. Tun da sisi rabin sule ne, kuma shi ne rabin da kowa ya fi riƙewa a hannu, sai kalmar ta ɗauki ma'anar rabi. Sisin kwabo rabin kwabo ne, wato ɗarin da na ambata. Wanda ya ce ba shi da ko sisin kwabo yana nufin ko rabin kwabo babu, wanda ya ce ko anini kuwa ya sauka ƙasa da haka sau biyar. A gaya wa yaran cewa "ko sisi" da ake ji yanzu gajarcewa ce; a zamanin da sisi ke sisi, mai shi ba matsiyaci ba ne a ranar. Ahu ma ta wannan hanya ya zo, daga kalmar Ingilishi mai nufin rabi, kuma rabin taro ne, kwabo ɗaya da ɗari, wanda ya bar mana kashe ahu. Neman taro da sisi kuwa shi ne 'yar sana'ar da ke rufa asiri ba tare da ta tara dukiya ba. Aninin da ake liƙa wa soja ko ɗan sanda a kafaɗa, har a ce an ƙara wa wane anini, da maɓallin riga da shi ma ake kira anini, duk sunan ɗaya ne yake yawo a kan ƙananan ƙarafa masu kama da juna.

Wani dattijo daga Dilimi ya ce yana da tsohon kwabo mai huda da ya gada, kuma ya ga rubutun Larabci a jikinsa da tauraro mai tsini shida, yana tambaya ko na wata daular Musulunci ne.

Baba, na Turawa ne. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma mai mazauni a Landan, wadda ke buga kuɗi iri ɗaya domin Nijeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya, ta kuma ci gaba da fasalin kwabo da ɗari da anini da aka riga aka fara. An sa rubutun Larabci ne saboda shi ne rubutun da masu karatu a Arewa suka sani, kuma abin da ke jikin kwabon bai wuce faɗin darajarsa ba. Tauraron kuwa hatimin Annabi Sulaimanu ne, wanda kuma ya hau tutar Nijeriya bayan haɗewar 1914. Hudar ta hana a sa hoton sarkin Ingila, sai kambinsa da sunansa kawai, kuma ita ce ta sa aka iya buga kwabo da sunan Sarki Edward na Takwas a 1936, wanda ya yi murabus a shekarar kafin kuɗi masu hotonsa su shiga hannun jama'a a Ingila kanta. A duba shekarar da ke jikin naku, Baba, in 1936 ce kuma sunan Edward ne a jikinsa, to a ƙara adana shi.

Akwai kuma wani ɗalibin Jami'ar Jos da ya ce kakarsa takan kira naira ɗari biyu jaka guda, abokinsa ɗan Maraɗi kuma yana kiran wani adadi daban da wannan suna.

Dukansu suna da gaskiya. Bankuna da kamfanonin sayen gyaɗa da baitulmalin En'e suna ɗaure sulalla a jaka, kowace jaka fam ɗari, wato sule dubu biyu, har jaka ta zama sunan adadin kamar yadda keso ya zama a da. Dogaron nan ga ƙarfe yana da dalili. Hukumar ta fara fitar da kuɗin takarda a 1916, kuma da azurfa ta yi tsada a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi ƙarancin sule, sai aka tura wa manoma takarda, su kuwa suka ƙi ta, ko su karɓe ta a ƙasa da darajarta, domin gara tana ci, gobara tana ci, ba ta kuma binnuwa a tukunya. A 1920 aka daina yin sulen da azurfa aka koma ga wani haɗi mai ruwan tagulla. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959 da fam na ƙasa, sannan ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, fam guda ya zama naira biyu. Fam ɗari ya zama naira ɗari biyu, jaka ta bi shi. Sule ya zama sabon kwabo goma, sisi kwabo biyar. A Nijar, inda Faransa ta yi mulki, jakar ta zauna a kan sefa dubu, dala kuma a kan sefa biyar, alhali a wajenmu dala, wadda ake kuma kira fataka, sule biyu ce. Wannan ne ya sa ɗan Nijar in ya ce dala ashirin yake nufin sefa ɗari, abin da ke rikita baƙo a kasuwar Maraɗi ko Damagaram.

Tambaya ta ƙarshe gajera ce, daga wani mai shagon magani a Faringada: daga ina jabu ta samo asali? Daga sunan Ijabu ne, a ƙasar Yarbawa. Bayan an sauya sulen azurfa da na haɗin ƙarfe, kwaikwayonsa ya yi sauƙi ga maƙera, kuma a shekarun 1920 da 1930 yankin ya yi suna da buga sulallan ƙarya, har fatake suka riƙa kiran kowane mugun sule da sunan garin. 'Yan kasuwa kan buga sule a kan dutse su saurari ƙararsa kafin su karɓa. Daga kuɗi kalmar ta bazu zuwa magani da takardar shaida da kayan gyaran mota, kuma yawancin masu faɗarta yau, har da Yarbawan da ke jin Hausa a kasuwar Taminus, ba su san sunan gari suke ambata ba.