Zan iya canza tayar bayan babur ɗina a gida?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da babban babur irin wanda ake kira kuruza, mai nauyi da ƙasƙantacciyar kujera. Tayar baya ta cinye har zanen tsakiya ya shafe, a jikinta an rubuta 150/80-16. Ina da sifanoni da jak ɗin mota, kuma na saba canza baƙin mai da takalmin birki da kaina. Zan iya canza tayar a gida, ko dole sai wurin bakanike?

Amsa: Barka kadai. Za ka iya, amma aiki biyu ne ka haɗa a tambaya ɗaya. Akwai fitar da wili daga babur da mayar da shi, akwai kuma raba roba da rim. Mutane sun fi tsoron na biyun saboda shi ke sa gumi, alhali na farkon ne ke kayar da mutum a titi idan aka yi ganganci.

Fara da sayen taya. Lambar da ka karanto tana nufin faɗin milimita 150, tsayin gefe kashi 80 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 16. Bayanta akwai wata lamba da harafi da ba ka ambata ba, kamar 71H ko 77H. 71 na ɗaukar kilo 345, 77 na ɗaukar kilo 412, H kuma gudun kilomita 210 ne a awa. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin babur ɗinka ya ce, balle idan kana goyo. Duba kuma lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Taya tana tsufa a ajiye ko ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Jak ɗin mota kuwa, ka bar wa mota. Irin wannan babur yakan haura kilo 250, ga madigadin baya mai zurfi, sai ka ɗaga shi sosai kafin taya ta sami hanyar fita. Nemi jak ɗin babur mai faɗi da ke kama firam daga ƙasa, ka ɗaure babur ɗin a kai da igiya mai ƙarfi, domin da zarar wilin baya ya fita nauyi zai rinjaya gaba. Notin aksil kuma, wato sandar ƙarfen da wili ke juyawa a kanta, ka sassauta shi tun babur yana ƙasa. Jan sifana da ƙarfi a kan babur da ke sama neman magana ne.

Ba ka faɗa min abin da ke juya wilinka ba. Idan bel ne, kamar yawancin Harley-Davidson, ko sarƙa, kamar Honda Rebel 500, sai ka saki notocin gyaran tauri, ka tura wili gaba, ka zame bel ɗin a hankali ba tare da lanƙwasa shi ko saka masa sukudireba ba. Idan shaf ne, wato sandar ƙarfe mai juyawa daga inji zuwa wili, kamar Yamaha V-Star 650, babu tauri da za ka gyara, amma akwai haƙoran da wili ke shiga, waɗanda ke son a wanke su a shafa musu giris mai moli (sinadarin molybdenum) kafin a mayar. A wasu baburan salansa ce ke tare hanyar aksil, sai an sauke ta.

Kafin ka zare aksil, ɗauki hoto da wayarka, dama da hagu. Tsakanin wili da firam akwai ƙananan zobban ƙarfe da ke riƙe tazara, kuma sau da yawa na dama da na hagu ba kauri ɗaya suke ba. Ni duk wanda ya fito nakan mayar da shi kan aksil bisa jerin da ya fito, in ajiye a kan tsumma. Na taɓa musanya su ina sabon hannu, faifan birki ya riƙa gugar gidansa, sai da na kwance komai na sake. Gidan birkin ma rataye shi da waya, kada ya yi lilo a jikin tiyonsa, kuma kada kowa ya taka birki alhali faifai ba ya ciki.

Yanzu roba. Kwantar da wili a kan katako biyu yadda faifan birki ba zai taɓa ƙasa ba, cire ƙwayar bawul iska ta fita duka. Leɓen taya yana manne da rim, sai an danne shi ya ɓalle, da na'urar ɓalle leɓe ko babban matsi mai kama da harafin C. Ga abin da yawancin masu koyo ba su sani ba: a cikin leɓen nan akwai wayoyin ƙarfe, ba ya miƙewa ko kaɗan. Abin da ke ba shi damar tsallake bakin rim shi ne kwarin da ke tsakiyar rim ɗin. Idan kana ɗaga leɓe da liba a gabanka, ɗaya ɓangaren dole ya kasance cikin kwarin nan, ka danne shi da gwiwa. Ka ji liba tana neman lanƙwashewa? Leɓen ya fito daga kwari ne, koma ka danne. Ka riƙa cin kaɗan-kaɗan, faɗin tafin hannu, da liba uku da ɗan roba a bakin rim don kada ya karce. Ruwan sabulu mai sauƙi ya isa santsi. Giris da baƙin mai suna lalata roba, suna kuma sa taya ta zame a kan rim. Sabuwar tayar ka shanya ta a rana tukuna, ta fi laushi.

A gefen sabuwar akwai kibiya, ta nuna inda wili ke juyawa idan babur na tafiya gaba. Idan akwai ɗigon fenti, yawanci alamar wuri mafi rashin nauyi ne, a daidaita shi da bawul. Wili mai sifok galibi da tub yake aiki: saka sabon tub, duba robar da ke rufe kawunan sifok, ka ɗan hura masa iska kafin ka tura shi don liba ba ta tsunkule shi ba. Marar tub kuwa, canza masa bawul. Wajen hurawa za ka ji "tas" sau biyu, leɓe ya zauna ke nan. Kada ka wuce psi 40 a ma'aunin iska kana jiran ƙarar. Idan bai zauna ba, saki iska, ƙara sabulu. Daga nan ka rage zuwa abin da aka rubuta a littafi ko takardar da ke manne a firam, ba babbar lambar da ke jikin taya ba. Sai daidaita nauyi: ɗora wili a kan aksil tsakanin kujeru biyu, inda ya yi ta gangarawa ƙasa shi ne mai nauyi, ka manna dalma a sama.

Idan ba ka da abin ɓalle leɓe da kwamfuresa, shawarata ka fitar da wilin da kanka ka kai wa mai injin taya. Ba gazawa ba ce, tayar kuruza tana da taurin gefe.

Wajen mayarwa, shafa wa aksil ɗan giris, ka juya boris da yatsa ka ji ko yana ƙara. Daidaita alamomin da ke wurin notocin gyaran tauri a gefe biyu su zo ɗaya don wili ya miƙe, ka gyara taurin bel ko sarƙa. Notin aksil da sifana mai auna ƙarfi ake ɗaure shi, bisa adadin littafinka, da sabon fil idan mai fil ne. Kafin ka sauke babur, taka birkin baya sau da yawa har ya yi tauri. Kilomita 160 na farko ka bi a hankali a kwana, sabuwar roba tana da santsi, sannan ka sake duba iska da notin aksil.