Shekara Nawa Ƙungiyar Kiɗan Rock Ke Yi Kafin Kaifinta Ya Dusashe?

Tambaya: Malam, na lura cewa yawancin ƙungiyoyin kiɗan rock na Ingila da Amurka, faya-fayansu na farko sun fi na baya armashi nesa ba kusa ba. Shin akwai adadin shekarun da ƙungiya kan yi tana kan ganiyarta?

Amsa: Ɗan'uwa, babu ƙayyadadden adadi, amma a nazarin da na yi wa tarihin manyansu, ganiyar kan tsaya ne tsakanin shekara 5 zuwa 10, ko da kuwa ƙungiyar ta ci gaba da hawa dandamali har tsufa. Beatles ta birnin Libaful ta fitar da faifanta na farko a 1963, ta watse a 1970, wato duk abin da duniya ke tuna ta da shi a cikin shekara 7 aka yi shi. Rolling Stones kuwa, wadda aka kafa a Landan a 1962, ta fitar da sabon faifai a 2023, amma faya-faye 4 da ta yi tsakanin 1968 da 1972 su ne masana suka fi ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinta.

Dalili na farko da ke sa kaifin ƙungiya ya dusashe shi ne lokaci. Waƙoƙin faifan farko an shafe shekaru ana gwada su a ƙananan zauruka, ana gyarawa ana zubar da marasa kyau, amma da zarar suna ya fito, sai a koma tsara sababbi a ɗakunan otal a tsakiyar rangadi, kamfani kuma na jiran faifai.

Sai dai a ganina abin da ya fi cin ƙungiyoyi shi ne zamantakewa, musamman rabon suna da kuɗi, kuma a nan nake so ka tsaya ka lura. Ɗauki faifai ka juya bayansa, ka duba sunayen da aka rubuta a ƙarƙashin kowace waƙa, domin wanda sunansa ke wurin shi ke karɓar kuɗin marubuci muddin ana sayar da waƙar. A faya-fayan ƙungiyar R.E.M. ta jihar Jojiya a Amurka za ka ga sunayen 'yan ƙungiyar su huɗu a jere, ko wane ne ya kawo waƙar, kuma ina da yaƙinin cewa wannan adalci na cikin abin da ya sa ta yi shekara 17, daga 1980 zuwa 1997, ba tare da kowa ya fice ba, har sai da makaɗin gangarta Bill Berry ya ajiye aiki don kansa. Pink Floyd ta bi akasin haka. A faifanta na 1983 sunan ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, Roger Waters, kaɗai ke kan dukkan waƙoƙin, ya fice a 1985, daga bisani maganar wanda ke da ikon amfani da sunan ƙungiyar ta kai gaban kotu. Abin ya daɗe yana ba ni takaici, ganin cewa mutanen ba basira suka rasa ba.

Akwai kuma ajali. Da makaɗin gangar Led Zeppelin, John Bonham, ya rasu a 1980, ƙungiyar ta rufe babinta maimakon ta ɗauko wani makaɗi. A shekarar ce mawaƙin ƙungiyar AC/DC, Bon Scott, shi ma ya rasu, amma su sai suka ɗauko Brian Johnson, suka fitar da Back in Black cikin 'yan watanni, kuma shi ne faifansu da ya fi kowanne kasuwa. Daga nan suka riƙe salo ɗaya ba su sauya ba, abin da masoyansu ke kira riƙon amana, masu suka kuma ke kira maimaici, don haka sai ka tantance wanne kake nufi da ɗorewa a cikin tambayarka.