An yanke wa karena ƙafa saboda cutar daji (kansa), yanzu ya daina cin abinci: cutar ce ta dawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ina da babban kare mai suna Duna, shekararsa 8, shi ke yi mini gadin gida da garken awaki a unguwar Arkilla da ke Sakkwato. Ƙafarsa ta gaba ta kumbura yana ta ɗingishi, aka ɗauki hoto aka ce kansar ƙashi ce, aka yanke ƙafar. Yau kwana 22. Da farko ya murmure, har yana fitowa tarbata da ƙafa uku. Da maganin asibiti ya ƙare na ji yana kuka da dare, sai na sayo diklofenak, maganin kashe zafin ciwo, a kemis ina tura masa cikin nama safe da yamma, wani mai yi wa awakinmu allura kuma ya yi masa deksa (deksametason, allurar rage kumburi). Kwana uku ke nan ba ya cin komai, yana amai, kashinsa baƙi wuluk, wurin ɗinkin kuma ya tara ruwa. Mutane na cewa kansar ce ta bazu, in haƙura da shi. Yarana sun kasa barci. Mi ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin ka kai ƙarshen amsar nan, ka daina ba shi diklofenak ɗin, kada kuma mai allurar ya sake taɓa shi. Ka ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi yau ɗin nan, ko wurin wanda ya yi aikin, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ban ga karen da idona ba, amma abin da ka lissafa bai yi kama da kansar da ta bazu ba. Amai, ƙin abinci da baƙin kashi mai yauƙi kamar kwalta alamar jini ne da ke zuba a cikin tumbi, yana narkewa kafin ya fito. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Na lafiyayyen kare ja-ja yake, in ka danna da yatsa ya yi fari sai launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In ka tarar da shi fari fat kamar takarda, jini ya zuba da yawa, kada ka jira la'asar.

Wannan abu kusan kullum sai na ci karo da shi, kuma ya ishe ni. Mutane sun ɗauka kare ƙaramin mutum ne, duk maganin da ya yi wa maigida ciwon baya zai yi masa, sai dai a rage. Ba haka Allah Ya yi jikinsa ba. Diklofenak da ibufurofen da danginsu suna kashe zafi ne ta hanyar toshe wani sinadari a jiki, kuma wannan sinadarin shi ne ke sa tumbi ya shafe bangonsa da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da yake narkar da abinci da shi. Shi ne kuma ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Cikin kare ba ya jure rashin wannan kariyar kamar namu, ga shi maganin yakan daɗe yana zagayawa tsakanin hanta da hanji kafin ya fita. To ka ɗauki ƙwayar da aka auna wa ƙato mai kilo 70, ka tura wa dabba mai kilo 30 sau biyu a rana, a garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, jikinsa ya riga ya bushe da haki. Ina ƙodar za ta sa kanta?

Sannan aka zo aka ɗora deksa a kai. Duk wanda ya zauna ajin koyon likitancin dabbobi an gargaɗe shi kada ya haɗa waɗannan biyun, domin haɗinsu na iya huda tumbi ko hanji. Amma mai jaka da sirinji ɗaya, wanda yake yi wa sa da akuya da kare allura iri ɗaya daga kwalba ɗaya, bai tambaye ka abin da karen ke sha ba. Ya ga dai deksa na tayar da dabba ta miƙe na kwana ɗaya, a ce hannunsa na da kyau, ya karɓi kuɗinsa ya hau babur. In dabbar ta mutu bayan kwana biyar sai a ce kwana ya ƙare. Mai kemis shi ma ya san wa za a ba, ya miƙo. Wanda ke ganin ina zuzuta abin ya tuna ungulun Indiya. Shanu ake yi wa diklofenak, ungulu su ci mushen, ƙodarsu ta mutu, har fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'insu suka ƙare, sai da ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006. Ragowar magani ke nan a jikin mushe.

Ban faɗi haka don ka ɗora wa kanka laifi ba. Tausayi ne ya kai ka kemis, kuma kukan da ka ji gaskiya ne. Jijiyar da aka datse takan ci gaba da aika saƙon zafi na makonni, har kare ya zabura yana neman lasar ƙafar da babu ita. Akwai maganin wannan, irin su gabafentin, amma likita ne zai auna gwargwadon nauyinsa. Kiran waya ɗaya ranar da maganin ya ƙare da ya wadatar.

A asibiti ka nemi a auna yawan jininsa da aikin ƙoda, a kuma duba jinin ko akwai cutar kaska, don ita ma tana sa dasashi fari kuma tana son dabbar da jikinta ya yi rauni. Za su yi masa ƙarin ruwa, su ba shi maganin tsayar da amai da na rufe gyambon ciki. In tumbin bai huje ba, karnuka da yawa suna tashi daga wannan.

Ruwan da ya taru a wurin ɗinki ba shi ne babban abin tsoro ba. In da taushi, ba zafi, ba wari, jiki yakan shanye shi da kansa. Kada a tsaga, kada a shafa baƙin mai ko toka, a dai kare shi daga ƙuda don kada ya yi tsutsa. In ya yi ja, yana zafi ko yana fitar da mugunya, wannan kuma aikin likita ne.

Game da kansar, ba zan ɓoye maka ba. Yanke ƙafa yana cire azabar ƙashin da ke ruɓewa, wadda tana cikin mafi tsananin ciwo, don haka ba ka yi kuskure ba. Amma in irin da aka fi gani ce a manyan karnuka, ostiyosakoma, to a mafi yawansu ƙwayoyin cutar sun riga sun isa huhu tun kafin a yi aikin, ƙanana ne kawai hoto bai kama su ba. Da yanka kaɗai, rabin karnuka sukan kai wata 4 zuwa 5. In an bi da allurar kashe ƙwayoyin cutar kansa, lissafin yakan kai wata 10 zuwa 12, wasu su wuce. Ka tambaya ko an kai ƙashin ɗakin gwaji, domin sakamakon ne zai nuna irin da kuke fama da ita. Alamar ta kai huhu ita ce tari, numfashi da ƙyar ko yana kwance, da rama a hankali. Hoton ƙirji duk bayan wata biyu ko uku ya isa a bi sawunta.

In ya dawo gida, ka sani kare yana ɗora kusan kashi 60 na nauyinsa a ƙafafun gaba, yanzu guda ɗaya ke ɗauke da wannan kayan. Kada a bar shi ya yi ƙiba. A shimfiɗa tabarma ko buhu inda akwai santsi, a zura tsohon zani ƙarƙashin ƙirjinsa a tallafe shi in zai tashi. Fita sai bayan asuba ko bayan magariba, ƙasar rana tana ƙona tafin ƙafa. Ruwan randa ya kasance kusa da shi a inuwa. Abinci, in likita ya ba da izini, dafaffiyar shinkafa da nama marar kitse kaɗan-kaɗan, ba yaji, ba ragowar miya, don albasar da muke alfahari da ita a ƙasar Sakkwato tana fasa jinin kare. Gadi kuma ya huta da shi tukuna.

Masu cewa ai kare ne, ka tuna musu da hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Shekara 8 dabbar nan ta kwana ido biyu don ku yi barci. In ranar ta zo da numfashi ya gagara kuma magani ya daina riƙe zafin, akwai allurar da likita ke yi ya tafi cikin barci. Kada wani ya ba ka shawarar maganin ɓera ko a kai shi daji a yar.

Amma ba mu kai nan ba. In za ka tafi yau, ka riƙe kwalin diklofenak ɗin, ka ƙirga ƙwaya nawa ya sha, ka tuna ranar da aka yi allurar, ka ɗauki hoton kashin a waya. A kwantar da shi cikin mota ko Keke a kan bargo, kada a ɗora shi a babur.