Shin kifi nama ne, kuma me ya sa yake ƙanƙancewa a kasuwa?

Tambaya: Likita ya umarci mahaifina ya rage cin nama saboda ciwon zuciya, sai gardama ta kaure a gidanmu kan ko kifi ma nama ne. Sannan na lura karfasar da ake kawowa kasuwa yanzu ƙanana ce, ga tsada. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Kifi nama ne, domin tsokar dabba ce mai rai, kuma aya ta 14 a Suratun Nahli ta kira abin da ake ci daga teku ɗanyen nama. Sai dai idan likita ya ce a rage nama, galibi jan nama yake nufi, wato na saniya da rago da akuya, saboda kitsensu yana ƙara maiƙon da ke toshe hanyoyin jini. Man kifi, musamman na sadin da taitus, yana taimakon zuciya. A dafa wa Baba ko a gasa, a rage suya da gishiri, sannan a sake tuntuɓar likitansa.

Tambayarki ta biyu ce ta fi damuna. Kifi yana ƙanƙancewa ne idan ana kama shi da saurin da ya fi na haihuwarsa. A madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa, wasu masunta suna jan taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, su kwashe 'ya'yan kifin da ba su taɓa yin ƙwai ba. Wasu kuma suna zuba guba irin gamalin, wadda ke kashe babba da ƙarami, ta kuma cutar da mai ci. Wannan daidai yake da makiyayin da ke yanka maruƙansa, sannan yana jiran garke ya yawaita. Ban ɗora laifin duka a kan masunci ba, domin talauci ne ke tura da yawansu, ga kuma janyewar Tafkin Chadi da rashin tsaro da suka rage bandar da ake kawowa daga Baga.

Matsalar ta game duniya. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2021 fiye da kashi 37 cikin 100 na kifin teku da ake lissafawa ana kama shi fiye da ƙima, alhali a 1974 kashi 10 ne kawai. A 1992 sai da Kanada ta haramta kamun wani nau'in kifi a gabashin ƙasar, dubban mutane suka rasa sana'a.

Kakanninmu suna da magani, domin Sarkin Ruwa yakan rufe ruwa na wani lokaci har kifi ya hayayyafa, kuma ya kamata hukuma ta ƙarfafa wannan tsari a lokacin damina. Ke kuma idan kin je kasuwa, ki bar karfasar da ba ta kai tafin hannu ba, ki sayi babba ko tarwaɗar kiwo.