Me Ya Sa Motata Ke Canja Hali Bayan An Sabunta Wasa?

Tambaya: Malam, ina buga wasan tseren motoci a kwamfuta da mutane ta intanet, amma duk sanda aka sabunta wasan sai motar da na saba da ita ta canja hali a kwana. Shin an yi adalci ga wanda ya sayi wasan da kuɗinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙorafinka yana da tushe, amma sabuntawar tana da dalili. A tseren intanet dole ne kwamfutar kowane ɗan wasa ta lissafa gudu da riƙon taya da birki bisa ƙa'ida ɗaya, shi ya sa ba a barin mai tsohon zubi ya shiga har sai ya sabunta. Haka kuma idan mota ɗaya ta fi sauran ƙarfi har kowa ya koma kanta, masu wasan sukan rage mata, domin gasar da mota ɗaya ke cinyewa kullum ba ta da armashi. A ganina wannan gyara ne mai kyau, muddin an bayyana abin da aka canja, kuma shawarata ita ce ka karanta bayanin sabuntawar, sannan ka yi ƴan zagaye kai kaɗai kafin ka shiga gasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wasan da ba ya buɗewa sai da intanet. Kamfanin Ubisoft ya rufe saba (wato kwamfutar kamfani da wasa ke haɗuwa da ita ta intanet) ta The Crew a 2024, wasan tseren motoci da ya fito a 2014, waɗanda suka saye shi kuwa suka rasa damar buga shi. Saboda haka kafin ka sayi wani, ka bincika ko yana aiki ba tare da intanet ba.