Tambaya da Amsa: Shin Sai Jiha Ta Iya Riƙe Kanta Kafin a Ƙirƙire Ta?

Tambaya: Malam, ina yawan jin masu neman sabuwar jiha suna cewa da zarar an ba su tasu, ci gaba zai biyo baya. Shin a tsarin tarayya wajibi ne jiha ta iya ɗaukar nauyin kanta da kuɗin shigarta?

Amsa: Ba wajibi ba ne ta riƙe kanta ɗari bisa ɗari, domin a yawancin ƙasashen tarayya gwamnatin tsakiya ce ke karɓar manyan haraji, sannan a raba wa jihohi. Jamus, mai jihohi 16, tana da tsarin da ake tallafa wa marasa ƙarfi daga abin da masu hali suka tara, Indiya kuwa tana kafa hukumar rabon kuɗi duk shekara biyar.

Inda gizo ke saƙa shi ne sabuwar jiha ba ta zuwa da sabon arziki, amma tana zuwa da gwamna, majalisa, kwamishinoni, sakatariya da ma'aikatan da za a riƙa biya duk wata. Nijeriya ta tashi daga jihohi 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, sannan 36 a 1996, duk a ƙarƙashin mulkin soja. Tun da kashi 40 cikin ɗari na kason jihohi daga asusun tarayya ana raba shi ne daidai-wa-daida, yankin da aka tsaga gida biyu yakan samu ƙari, sai dai daga aljihun sauran jihohi ƙarin ke fitowa, kuma a ganina wannan ne ke rura wutar neman jiha fiye da komai. A 2015 jihohi da dama sun kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki.

Saboda haka abin da ya kamata a duba shi ne ko yankin yana da tushen haraji, wato masana'antu, kasuwanci da jama'ar da ke samun abin biya. Telangana, wadda aka cire daga Andhra Pradesh a Indiya a 2014, ta tafi da birnin Hyderabad, aka bar tsohuwar jihar da nauyin gina sabon babban birni.

Haɗe jihohi don rage kashe kuɗi kuma yana da wuya. A 1996 an kaɗa ƙuri'ar raba-gardama kan haɗe jihohin Berlin da Brandenburg na Jamus, mutanen Brandenburg suka ƙi amincewa.